Hoya, 'Yar'uwar Tumfafiya: Shukar da Ta Dace da Ɗakin Haya



Cikin ƙararrakin da na rubuta a littafin Maigida tun ranar da na fara riƙe masa alƙalami, akwai na gado, akwai na aure, akwai na bashi da na iyakar fili, amma sau ɗaya tak aka taɓa kawo ƙarar shuka. Shekara 6 ke nan. Wani dattijo mai gidan haya a nan Kumasi ya zo da 'yar hayarsa, wata tsohuwa mai sayar da koko, yana neman a tilasta mata ta fitar da wani ganye da ta rataye a baranda cikin gwangwanin madara. Hujja uku ya kawo na rubuta: ganyen zai tara sauro, zai jawo maciji, kuma tana shayar da shi da ruwan famfon da dukan gida ke raba kuɗinsa. Akwai ta huɗu da ya faɗa ƙasa-ƙasa, bai so ta shiga littafi ba, wai kiwon fure aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi.

Maigida ya ce ba a shari'a a bayan idon wanda ake ƙara, a je a ɗauko shi. Aka shigo da gwangwani, rassa na reto, ganye kore shar mai kauri yana sheƙi kamar an goge shi da mai. Aka yi sa'a yana cikin fure. Maigida ya kama curin furen ya jujjuya, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya waiwayo ya ce mini, "Malam, wannan ai tumfafiya ce ta yi wanka." Zaure ya ɗauki dariya. Ya tambayi tsohuwar sau nawa take ba shi ruwa, ta ce, "Allah ya ja zamaninka, kofi biyu ne ranar Jumma'a, wani makon ma ina mantawa." Ya yanke cewa ganye ya koma mazauninsa, da sharaɗin kada a taɓa ganin ruwa kwance a ƙarƙashinsa. Da aka watse tsohuwar ta karya mini reshe ɗaya, ta ce goron rubutu ne.

Tun daga ranar nake kiwon wannan shuka, kuma ra'ayin da zan kare a nan shi ne, a cikin duk abin da mutum zai iya ajiyewa a tukunya, ban ga wanda ya dace da zaman zango kamarta ba, kuma masu gidajen da ke hana ta suna hana abin da ba su bincika ba.

Sunanta hoya. Turawan Ingila suna kiranta da sunan da ma'anarsa shukar kaki, domin ganyenta da furenta sun yi kama da abin da aka sassaƙa da kakin zuma. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Sikotlan, Robert Brown, shi ya raɗa mata suna a shekarar 1810, don girmama Thomas Hoy, mai kula da lambun wani basarake a gidan Syon da ke gefen Landan. Abin ya burge ni da na karanta: ba a ba ta sunan basaraken ba, an ba ta sunan wanda hannunsa ke cikin ƙasa. Danginta sun haura iri 500, kuma babu ko ɗaya da asalinsa Afirka ne. Gidansu dazuzzukan Asiya ne, daga Indiya zuwa kudancin Sin, da Tailan, da Filifin, da tsibiran Indunusiya, har Niyu Gini da arewacin Ostireliya. Wadda ta fi yaɗuwa a gidajen mutane, wadda kuma aka kawo ƙararta a zaurenmu, masana na ce mata Hoya carnosa, wato mai ganye mai tsoka, kuma asalinta kudancin Sin ne da Taiwan da tsibiran kudancin Japan.

To amma maganar Maigida ba raha ba ce kawai, ashe gaskiya ya faɗa. Hoya da tumfafiya gida ɗaya suka fito a lissafin masana, haka ma yaɗiya da iyayenmu ke kwaɗawa a arewa. Duk wanda ya taɓa tsinkar furen tumfafiya yana yaro zai gane alamar: tauraro mai kusurwa 5, a tsakiyarsa wani ƙaramin tauraro kamar kambi. Haka furen hoya yake, sai dai nata ƙanana ne, kowanne bai wuce farcen ɗan yatsa ba, suna taruwa 20 ko fiye a curi guda kamar buɗaɗɗiyar laima. Tauraron waje fari ne da sirkin ruwan hoda, da laushi irin na karan-miski, na cikin kuma mai ƙyalli ne da ɗigon ja a cibiya. Idan ta yi 'ya'ya, kwanson kan tsage ya saki iri mai farin gashi da iska ke ɗauka, kamar dai yadda kwanson tumfafiya ke yi. Baƙuwa ce ƙwarai, amma baƙuwar da muka san danginta.

Abu ɗaya ne idan mutum ya fahimce shi ya fahimci kiwonta duka. A dajin da ta fito, hoya ba ta dogara da ƙasa ba. Tana hawa itatuwa da duwatsu, ta manna saiwoyinta a ɓawo, ta rayu da ruwan sama da raɓa da ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a tsagi. Kada wani ya ce ai kauci ke nan. Kauci yana huda reshe ya sha jinin itacen da ya hau har ya raunana shi. Hoya wurin zama kawai take nema, abincinta ita ke nemo abinta. Mu da aka haifa a ɗakunan haya mun san bambancin waɗannan biyu ba sai an yi mana tafsiri ba.

Saiwar da ta saba da iska a jikin itace ba ta jure laka. Ruwan sama yakan jiƙa ta, ya zarce, iska ta busar da ita cikin ɗan lokaci, ganyen mai kauri kuma ya riƙe abin da ya samu kamar salka. Masana sun gano ma tana daga tsirran da ke iya buɗe ƙofofin numfashin ganyensu da dare su rufe da rana don tattalin ruwa, kamar yadda abarba ke yi. Saboda haka wanda ya ɗebo jar ƙasar bayan gida ya cika tukunya, ya dasa ta, ya riƙa kwarara mata ruwa safe da yamma don ƙauna, to kabari ya haƙa mata. Abin da take so yana zube a bakin titi kyauta: ɓawon kwakwar da masu sayarwa ke jibgewa. A sassare shi gutsi-gutsi kamar ƙwayar gyaɗa ko goro, a jiƙa kwana 3 ana sauya ruwan don ya fitar da gishiri da jan ruwan da ke cikinsa, a gauraya da ɓarɓashin gawayi da ɗan yashi mai tsakuwa da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Tukunyar ƙasa ta fi kyau domin tana numfashi, amma gwangwani ko roba ma sun isa muddin an huda gindinsu da kyau. Kuma ƙaramar tukunya take so. Idan aka ba ta babba, haɗin yakan daɗe bai bushe ba, saiwa ta ruɓe, ko kuma ta shagala da cika wuri da saiwa ta jinkirta fure. Tawa tana cikin tukunyar da ba ta fi kwanon sha ba, shekara 4 ban sauya mata ba.

Wannan shi ne amsar hujjar ruwa. Gidan da ake layi da jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor yana da haƙƙin ya tambayi inda kowane ɗigo ya tafi, ban raina wannan ba. Amma abin da hoya ke sha a wata bai kai abin da mutum ɗaya ke wanke fuska da hannu da shi a yini ba. Ƙa'idar ita ce a tura yatsa cikin haɗin, idan an ji danshi a bar ta, idan ya bushe a zuba har ruwa ya fito ta ƙasa, a bari ya tsane. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, nakan yi kwana 10 ban kusance ta ba. Da hunturu kuwa sau ɗaya a mako. Akwai tarko guda da ya kamata a sani: ganyenta yakan yamutse idan tana jin ƙishi, yakan kuma yamutse idan saiwa ta ruɓe don yawan ruwa, tun da ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya sha. Mutum ya ga yamutsa sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Idan ganye ya yamutse alhali haɗin a jiƙe yake, a zare ta a duba saiwar.

Hujjar sauro ita ce mafi nauyi, domin zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne a gidajenmu, mun binne yara saboda shi. Sauro yana zuba ƙwai ne a ruwan da ya kwanta, kuma a zafinmu mako ɗaya zuwa biyu sun ishe shi ya zama mai fiffike. Faranti da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fure, idan aka bar shi da ruwa, lalle matattara ce, kuma mai gidan da ya yi faɗa a kansa yana da gaskiya. Amma hoya ita kanta ba ta son farantin. Sharaɗin da Maigida ya gindaya don kare mutanen gida shi ne ainihin sharaɗin da shukar ke bukata don ta rayu. In da za a zagaya gidan wannan dattijo a ranar, na tabbata tsohuwar tayar da ke kan rufi da kwatar da ta toshe a ƙofar gida sun fi gwangwanin tsohuwa laifi sau ɗari. Maganar maciji kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Maciji ɓera yake bi da tarin shara, ba ya hawa ƙusa ya shiga gwangwanin madara.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Idan ta yi fure tana ɗigar da ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda ke ɓata tabarma ko zanen da ke ƙarƙashinta, yana kuma kiran tururuwa. Ƙamshinta da dare yake tashi, domin ƙwarin dare dangin malam-buɗe-littafi take kira, kuma a ƙaramin ɗaki rufaffe yakan yi wa wasu nauyi. Uwargidana takan fitar da ita baranda duk lokacin da curi biyu suka buɗe tare. Tana da maƙiyi kuma, wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga da ke ɓoyewa a hammatar ganye suna tsotsa. Idan an gan su da wuri, auduga da aka tsoma a sipirit ko ruwan sabulu mai rauni ya isa, a goge su ɗaya-ɗaya, a maimaita bayan mako. Idan an yi sakaci sun cika ta, aiki ya samu. Sai a rataye ta sama inda hannun yara da bakin awaki ba sa kaiwa.

Haske take so mai yawa, amma ba ranar tsaka ba. Baranda mai kallon gabas ita ce gidan sarautarta: hantsi ya taɓa ta, azahar ta same ta a inuwa. Ranar yamma da ke dukan bango takan ƙona ganyen ya yi fari-fari. A lungu mai duhu kuwa ba za ta mutu da wuri ba, za ta zauna kore shekara da shekaru, sai dai fure ba za a gani ba. A nesanta ta da rufin kwano da kamu biyu ko uku saboda turirin zafi. Da hunturu ƙura kan rufe ganyen, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laima.

Yanzu ga kuskuren da ni kaina na yi, wanda shi ya fi komai sa ni ɗaukar alƙalami. Reshen da tsohuwa ta ba ni ya shekara 3 bai yi fure ba. Wannan al'adarta ce, ba ta gaggawa. A shekara ta uku ta fitar da curi ɗaya tak, muka yi kallo kamar an yi haihuwa, ya yi kimanin mako guda ya zube. Abin da ya rage wani ɗan tsinke ne mai kaushi a kai, ba ganye ba fure, tsayinsa bai kai yatsa ba. Ni kuma mutum ne da aikinsa gyara ne, ba na son ganin ragowar abu a shafi. Na ɗauko almakashi na datse shi. Na haɗa da wata doguwar igiya marar ganye da ta miƙe tana lalube a iska, na ce wannan ai ɓarnar ƙarfi ce.

Da na ba tsohuwar labari sai ta riƙe baki. Ta ce, "Malam, ka yanke nonon da take shayarwa da shi." Ashe hoya a kan wannan tsinken take sake fure, shekara bayan shekara, kuma kowane zubi yana barin tabo a kansa ya ƙara masa tsawo, har mai lura ya iya gane tsohon tsinke daga sabo. Wanda ya yanke shi ya mayar da ita farkon karatu, sai ta sake gina wani. Igiyar nan kuma da na raina, ita ce sabon reshe: takan fara miƙa shi tsirara ya nemi abin kamawa, ganye ya biyo baya, kuma a jikinsa sababbin tsinkaye ke fitowa. Da almakashi ɗaya na yanke furen bana da na baɗi. Na jira wata 18 kafin na sake ganin curi. Haka kuma idan ta fara ƙunsar fure ba a so a riƙa ɗaukarta daga wannan wuri zuwa wancan ko a jujjuya ta, domin takan zubar da ƙunshin. Yawancin waɗanda suka ce mini tasu ta ƙi, da na bincika sai in tarar ba sakaci ya hana ta ba, yawan hidima ne: ruwa kullum, sabuwar tukunya duk shekara, aski duk wata. Ga mai fita kasuwa tun asuba ya dawo bayan isha, wannan albishir ne.

Saura hujja ta huɗu, wadda ba ta shiga littafi ba, kuma na san da yawa cikin masu karanta wannan suna riƙe da ita a zuci. Gaskiya ne kakanninmu ba su san fure a tukunya ba. Abin da suka shuka a tsakar gida mai aiki ne: zogale don miya, lalle don ƙafa, ɗoɗɗoya don ƙamshi da magani, darbejiya don inuwa. Wanda ke da taku biyar na ƙasa a gidansa, ni ma zan ce ya fara da zogale. Amma ina ƙasar take? Ku dubi gidajen Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Tsakar gidan da a da ke da mangwaro an sare shi an yi ɗakuna biyu, abin da ya rage an malale shi da siminti. Ana yi wa Kumasi laƙabi da birnin lambu, amma yaronmu zai iya girma bai taɓa ganin abu ya tsiro ya yi fure a gidan da yake kwana ba. Ɗan haya ba shi da ikon fasa siminti. Abin da yake da iko da shi ƙusa ce a jikin azara, kuma ranar da aka ba shi notis zai cire gwangwaninsa ya tafi da shi tare da tabarmarsa. Shukar da ke rayuwa a kan ƙusa ita ce kaɗai lambun da zai iya mallaka.

Sa'an nan batun amfani. Mu mutane ne da ba ma ganin kuɗin turare a matsayin ɓarna. Muna sayen turaren wuta, muna yi wa ƙofa zane, mata suna jera kwanoni a ɗaki ba don a ci abinci a cikinsu ba. Ba a taɓa tambayar mai jere mene ne amfanin kwano na arba'in ba. To don me ganye mai rai, wanda ke ba da ƙamshi kyauta, shi za a tsayar a ƙofa a tambaye shi takardun shiga? Son abu mai kyau ba mu aro shi daga kowa ba, kuma ba sai an ƙoshi ake yinsa ba. Tsohuwar nan da kuɗin koko take biyan haya.

Gargaɗi ɗaya kan kasuwa. Akwai wata irin hoya mai ganye kamar zanen zuciya, Hoya kerrii, 'yar asalin yankin Tailan da maƙwabtanta, wadda aka raɗa wa sunan wani likita ɗan Ailan, Arthur Kerr, da ya tattara tsirrai a can. 'Yan kasuwa a ƙasashe da dama sukan tsinke ganye ɗaya su kafa a 'yar tukunya su sayar, musamman a watan Fabrairu lokacin da matasa ke musayar kyauta. Ganyen yakan yi saiwa ya zauna kore har shekaru, amma idan ba a yanko shi da gutsuren kara mai gaɓa ba, da wuya ya taɓa fitar da reshe. Ɗana ya sayo irinsa a hannun wani mai talla a intanet da kuɗin da ya isa cefanen kwana biyu, ga shi nan a taga har yau, ganye ɗaya ƙwal kamar ranar da ya zo. Duk wanda zai saya ya tona kaɗan ya ga gaɓa.

Mafi alheri ma kada a saya. Hoya tana yaɗuwa daga hannu zuwa hannu cikin sauƙi. A yanko reshe mai gaɓa 2 ko 3, a cire ganyen ƙasa, a bar bakin yankan ya sha iska na wasu sa'o'i, a binne gaɓar ƙasa cikin haɗin ɓawon kwakwa mai ɗan danshi, a ajiye a inuwa mai haske. Farkon damina ne lokacin da ya fi. Cikin makonni 4 zuwa 6, idan aka ɗan ja aka ji ta riƙe, saiwa ta kama. Ana iya sa ta a kwalbar ruwa ma, amma a gidajenmu ban ba da wannan shawara ba, sai in za a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana 2, saboda maganar sauro.

Tsohuwar mai koko ta koma wajen 'yarta a Tamale bara, ta tafi da gwangwaninta, ta kuma aiko cewa can sai ta ƙara mata ruwa da inuwa saboda bushewar iska. Kafin ta tashi ta bar yanka 5 a gidan. Ɗaya daga ciki yana rataye a ƙofar ɗakin uwargidan dattijon da ya kawo ƙara. Tawa tana da tsinkaye 7 yanzu, kuma bayan sallar la'asar ta ranar Lahadi ina zaure. Mai so ya zo da gwangwaninsa a huje.